Littafin da ke bayan ƙaramin jirgi

Tsakanin ƙarfe da ƙarfe na tsohon dogon da ya taso daga Legas ya iso Kano akwai ƙafa uku da inci shida, wato milimita 1067. Sabon dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ya fi shi faɗi, nasa milimita 1435 ne, irin na Ingila da Amurka da yawancin ƙasashen Turai. Fasinja ba ruwansa da wannan lissafi, shi dai a sauke shi lafiya. Amma wanda ya zauna zai ƙera ƙaramin samfurin jirgin ƙasa, irin wanda ke gudu da lantarki a kan teburi, daga wannan lamba aikinsa yake tashi, kuma duk abin da zai ɗora daga baya a kanta yake zaune. Na daɗe ina wannan aiki a lokutan hutuna. Yankan tagulla da liƙin dalma hannu ne ke koyonsu, kuma ya koya. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne raba abin da na sani da abin da aka gaya mini da abin da na ƙiyasta, in ajiye kowanne a wurinsa, alhali na san babu wanda zai tsare ni da tambaya.

A Zariya na tashi, gefen Sabon Gari, inda jiniyar jirgi ke gaya wa mutane lokaci. Zariya mahaɗa ce. Dogon da ya shiga Kano a 1911 ta nan ya ratsa, daga nan kuma reshen Gusau ya ɓalle har ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Kawuna ɗan reluwe ne, aikinsa zuba kwal a wuta, kwal ɗin Inugu, kuma na riski ƙarshen zamanin kawunan jirgi masu tururi, lokacin da masu dizal suka riga suka karɓe yawancin aiki. Yaran wasu unguwanni motar kara da ta langa-langa suke yi, mu kuwa jirgi muke haɗawa da gwangwanin madara da murfin kwalba. Tun a lokacin gardama kan kaure a kan yawan ƙafafu, domin yaron da ubansa ke aiki a reluwe ba ya yarda a rage ko ɗaya.

Karatu ne ya kai ni Ingila, can na tarar da dattawa masu furfura sun riƙe wannan abu hannu biyu. Kamfanoni irin su Hornby a Ingila da Märklin a Jamus sun daɗe suna ƙera ƙananan jirage, a Amurka kuma tun 1935 masu wannan sha'awa suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, NMRA, wadda ta tsara ƙa'idojin awo don kayan kamfanoni daban-daban su yi aiki a dogo ɗaya. Sai dai wurin da ya tsaya mini a rai wani ɗan gidan tarihi ne da ake kira Pendon, a ƙauyen Long Wittenham kusa da Oksfod. Wanda ya kafa shi, Roye England, ɗan Ostireliya ne da ya zo Ingila a 1925, ya ga tsofaffin gidajen karkara suna sauya kama, ana yaye rufin ciyawa ana ɗora na zamani. Sai ya riƙa bi gida-gida yana auna bango da ƙofa da taga, yana ɗaukar hoto, yana rubuta launin kowane abu. Daga waɗannan takardu aka gina ƙauye guda a ƙaramin ma'auni, kamar yadda karkarar take a wajajen shekarun 1930, jiragen kamfanin Great Western suna gifta shi. Mutane kan yi layi suna kallon 'yan gidajen, ni kuwa hankalina na kan mutumin da ya tsaya da tef ɗin awo a ƙofar gidan wani manomi tun kafin magina su iso. Ina tsaye a wurin, tashar Zariya nake tunani, da dalar gyaɗa a Kano, da taragun da ke jere ana loda musu buhuna.

Ban taɓa cin karo da jirgin Nijeriya a kantin masu sayar da waɗannan kaya ba. Hanya mai sauƙi a buɗe take: ka sayi kan jirgin Ingila da taragunsa, ka sake musu fenti, ka rubuta haruffan reluwenmu a jiki, ka ce ga jirgin Kano. Ai dama Turawan Ingila ne suka ƙera namu. Na ji wannan hujja a bakin mutane, na kuma ji ta a cikin zuciyata. Amma wanda ya taɓa tsayawa kusa da taragon Nijeriya zai gane bambanci tun daga goshi. Tsohon taragon Ingila yana da faranti biyu na ƙarfe a kowane kai, hagu da dama, waɗanda ke karo da na maƙwabcinsa, da sarƙa a tsakiya. Namu mahaɗi ɗaya ne tak a tsakiya, shi ke ja, shi ke tare karo. Kan jirginmu yana da babbar fitila a goshi da ƙarfen ture dabbobi a ƙasa, saboda daji yake ratsawa da dare, ba cikin shinge ba. Yawancin kawunan Ingila masu tururi ba su da ko ɗaya daga cikin biyun, don su dogonsu a killace yake. Har abin da ke ƙarƙashin dogo ya bambanta: dogon da ake sayarwa a kanti an yi masa kamannin katako, mu kuwa a wurare da yawa ƙarfe aka shimfiɗa, saboda gara.

Sai lissafin faɗi. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne HO, kashi ɗaya cikin 87, a kan dogo mai faɗin milimita 16.5, wanda ya yi daidai da dogo mai 1435. Mutanen Ingila suna da nasu, OO, kashi ɗaya cikin 76, amma a kan dogon nan dai mai 16.5, alhali in za a bi gaskiya 18.83 ya kamata ya zama. Dalili shi ne jiragensu na gaske ƙanana ne a jiki, injin lantarki na shekarun 1930 kuma ba ya shiga cikinsu a ma'aunin HO, sai aka kumbura jiki aka bar ƙafafu a matse. Har yau yawancinsu a haka suke tafiya, 'yan kaɗan ne suka ƙi, suke shimfiɗa nasu dogon da hannu. Jiragen Japan ma da yawa a dogo mai 1067 suke, irin namu, su kuma sukan yi kashi ɗaya cikin 80 a kan 16.5, sai dogo ya fi ƙima faɗi. Ni na bi sawun mutanen Niyu Zilan, waɗanda faɗin dogonsu ɗaya ne da namu. Suna amfani da kashi ɗaya cikin 64. In ka raba 1067 da 64 za ka sami 16.67, ga dogon kanti mai 16.5, ratar ba ta kai kashi biyu cikin goma na milimita ba. Wannan ratar ita ce abu na farko da na rubuta a littafina, domin komai ƙanƙantarta rata ce, kuma ni na zaɓe ta.

Kan jirgin da na fi daɗewa a kansa yana cikin jinsin da ake raɗa wa sunayen koguna, waɗanda aka fara kawowa a 1948 daga masana'antar Vulcan Foundry ta Ingila, daga baya North British ta Gilasgo ta ƙara wasu. Tsarin ƙafafunsu 2-8-2 ne: ƙananan ƙafafu biyu a gaba masu jagora, manya takwas masu ja, sai biyu a ƙarƙashin ɗakin direba masu ɗaukar nauyin murhu. Da na fara neman hujja sai na ɗauka cewa hoton da kamfani ya ɗauka da kansa shi ne ƙarshen magana. Wani dattijo da ke kula da tsofaffin takardu ne ya nuna mini yadda abin yake. Masana'antun nan suna da al'adar shafa wa sabon kai fenti ruwan toka mara ƙyalli, su ja masa layuka masu haske, don kowane bututu da ƙusa su fito sarai a hoto. Bayan an ɗauka sai a yi masa fentinsa na aiki. Ke nan jirgin da ke cikin wannan kyakkyawan hoto bai taɓa ja da tarago ko ɗaya cikin wannan riga ba. Hoton gaskiya ne game da siffa, amma ba shaida ba ne game da launi. Ya ƙara mini da cewa tsohon fim na baƙi da fari, irin na farkon ƙarni na ashirin, ba ya ganin ja sosai, yakan mai da shi kusan baƙi, don haka abin da ka gani baƙi ƙirin a hoto yana iya zama ja ne a fili.

Zanen injiniyoyi ma yana da iyakarsa. Yana nuna abin da aka yi niyyar ƙerawa a ranar da aka zana. Kai kuma da zarar ya sauka a tashar ruwa ya fara aiki, rayuwarsa ta fara. In ya shiga babban gyara a Ebute Metta ko Inugu, akan ɗaga tukunyarsa a sa masa wata da aka riga aka gyara, don kada ya daɗe a kwance. Taragon kwal da ruwa da ke bayansa ana iya musanya shi da na ɗan'uwansa. A canza fitila, a karkatar da bututu, a yi faci. Lamba ɗaya, suna ɗaya, amma bayan shekara ashirin rabin jikin ba wanda ya zo da shi ba ne. Saboda haka ba a yin samfurin "jinsin koguna" haka kawai a dunƙule. Dole ka zaɓi kai ɗaya, a shekara ɗaya, a wuri ɗaya, ka tsaya a kansa. Wannan ya yi mini nauyi da farko, don zuciya tana son ta tattara duk abin da ya fi kyau daga hotuna goma ta zuba a jiki ɗaya. In ka yi haka za ka sami jirgi mai ban sha'awa wanda bai taɓa wanzuwa ba.

Akwai kuma jarabar aro daga dangi. Jinsi na 29 na jiragen Gabashin Afirka daga tsarin namu na koguna aka samo shi, kuma hotunansu sun fi namu yawa, don masu ɗaukar hoto na Turai sun fi zuwa Kenya. Amma su dogonsu mita ɗaya ne, kuma mai suke ƙonawa, ba kwal ba. In wani lungu ya ɓoye a hotonmu ya bayyana a nasu, ina iya leƙawa, amma abin da na ɗauko daga can ba ya shiga littafi a matsayin sani.

Littafin nan shi ne ainihin aikin. Kowane samfuri yana da shafukansa, kowane sashe na jikinsa kuma yana da layi, a gaban layin akwai ɗaya daga kalmomi huɗu: na auna, na gani, an ce, ƙiyasi. "Na auna" shi ne abin da na ɗora wa tef da hannuna ko na karanta lambarsa a zane. "Na gani" hoto ne, sai in rubuta wane hoto, daga ina, wace shekara in akwai ta a bayansa. "An ce" kuwa sai in rubuta wanda ya ce, aikin da ya yi, a wace tasha, da ko da idonsa ya gani ko shi ma ji ya yi. Ba daga Turawa na koyi wannan tsari ba. A zaure na fara jinsa, inda malami ba ya karɓar hadisi sai ya san wa ya ji daga wa, kuma ya ware ingantacce daga mai rauni ba tare da ya jefar da mai raunin a bola ba, sai dai ya faɗi matsayinsa. Na san tarago ba addini ba ne, amma ladabin riƙon labari ɗaya ne.

Mafi daɗin ɓangaren aikin shi ne zama da tsofaffin 'yan reluwe. Da yawansu Yarabawa ne da Inyamurai da mutanen tsakiyar ƙasa da aiki ya kawo su Arewa suka zauna, Hausa a bakinsu kamar a nan aka yanke musu cibiya. Kawu ne ya kai ni wurin wani tsohon direba, Bayarabe, wanda ya tsufa a Sabon Gari. Na je da kan jirgin a naɗe cikin tsumma, ban riga na yi masa fenti ba, tagulla ce tsirara. Ya sa tabarau, ya karɓa da hannu biyu, bai ce komai ba. Ya juya shi, ya leƙa ta ƙasa, ya bi sandar da ke haɗa manyan ƙafafu da ɗan yatsa yana ƙirga su da leɓe. Sannan ya kai ido ɗakin direba ya daɗe a nan.

"Ɗana, ina tiyon ruwa?"

Na ce, "Baba, wane tiyo? Babu shi a zanen da na samu."

Ya yi dariya ya dubi Kawu. "Ka ji. Gaya masa, in babu tiyo wa zai iya numfashi a ciki?"

Kawu ya bayyana mini cewa akwai ɗan tiyo a gefen mai zuba kwal, wanda ke fitar da ruwan zafi, da shi ake yayyafa wa kwal don ƙura ta kwanta, da shi ake wanke daɓen ɗakin. Kullum a rataye yake, bakinsa na leƙo waje. Daga nan tsohon ya buɗe. Ya nuna mini ƙarfen riƙo na bakin ƙofa, ya ce wannan ba ya taɓa riƙe fenti, hannu ya goge shi har yana sheƙi. Ya nuna inda farin gishirin ruwa ke zubowa a jikin tukunya ya bar zane, inda mai ke taruwa ya kama jar ƙura, inda ake sa shebur da dogon ƙarfen tonon wuta, har da kusurwar da suke ajiye butar shayi don ta riƙe zafi. Ya ce kwal ba ya zama a tarago a baje, gaba yake ramewa inda shebur ke ci, baya ya yi tudu. Ya yi maganar hawan Jos daga Kafanchan, yadda ake sakar wa dogo yashi in ƙafa ta fara santsi, da yadda mai zuba kwal ba ya miƙe baya har a kai sama. Babu zanen da ke ɗauke da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Na cika shafuka a ranar, duka a ƙarƙashin "an ce", da bayanin cewa mai faɗar ya tuƙa irin wannan kai da hannunsa. Ya rasu tun tuni. Abin da ya sani game da tiyon nan da butar shayi, in ban da shafukan, da ya tafi da shi.

Ba kullum shaidu ke haɗuwa ba. A kan launin wani irin taragon kaya mai rufi, dattawa biyu sun saɓa. Ɗaya ya rantse ruwan toka ne, ɗayan ya ce ja ne mai duhu, kowanne kuma yana jin ɗan'uwansa ya rikice. Na rubuta duka biyun, ban zaɓi wanda ya fi ɗaga murya ba. Daga baya na sami irin taragon a yashe a ƙarshen wani layin ajiya, ciyawa ta kai masa ƙugu, katakon jikinsa ya tafi, saura ƙashi. Na nemi izini, na shiga da tef da littafi. Na auna tsayi da faɗi da tazarar ƙafafu, na ƙirga ganyen sifirin, na zana yadda tiyon birki ya lanƙwasa kusa da mahaɗi. A bayan wani ƙarfe da aka ɗaure da noti, inda rana da ruwa ba su kai ba, fenti ya tsira. Na kankare shi a hankali da bakin reza, a karkace, sai ga shi hawa-hawa: tsatsa a sama, ja mai duhu a ƙarƙashinta, ruwan toka a ƙarƙashin jan. Kowane dattijo zamaninsa ya tuna. Duk da haka abin da na rubuta shi ne wannan tarago ɗaya ya sa launin nan biyu, toka kafin ja. Ban rubuta cewa duk taragun ƙasar haka suke ba, don tarago ɗaya na kankare. Da na sake bi ta wurin bayan wani lokaci, masu sayen ƙarfe sun riga sun yanka shi.

Abin da ya sa nake wannan taka-tsantsan ya bayyana mini sarai a wata makarantar firamare da aka gayyace ni in nuna wa yara kayan. Na shimfiɗa dogo a kan tebura, jirgi ya fara zagayawa, yara suka yi tsit sannan suka ɓarke da ihu. Sai na ji malamarsu tana cewa, "Ku duba da kyau, irin wannan jirgi ne ya riƙa ɗaukar gyaɗar kakanninku zuwa Legas." Gabana ya faɗi. Yaran nan ba su taɓa ganin kai mai tururi ba, kuma da wuya su gani. Abin da ke kan teburin nan shi zai zama jirgin zamanin da a cikin kawunansu har su tsufa. A Ingila, in mutum ya sa bututu a gefen da ba nasa ba, kafin ya naɗe kayansa mutum goma sun gaya masa, ga littattafai, ga mujallu, ga jiragen gaske a gidan tarihi na Yok da aka buɗe a 1975, ga ma waɗanda har yau ake hura musu wuta. Kuskurensa ba ya kwana. A nan kuwa ba mai gyara mini. In na ƙirƙiro abu na liƙa, zai zauna, a ɗauke shi a waya, ya shiga Facebook, gobe wani ya kafa hujja da shi. Rashin mai sa ido bai sauƙaƙa mini aikin ba, ƙara mini kaya ya yi.

Inda wannan ya fi matsa ni shi ne gefen da hoto bai nuna ba. Sau da yawa hoto ɗaya ne na kan da ka zaɓa, daga hagu aka ɗauka, dama kuma tana cikin duhu har abada. Samfuri ba ya tsayawa da gefe ɗaya, dole a gina ɗayan. Nakan gina shi bisa zane da hotunan 'yan'uwansa, in yi iyakar ƙoƙarina, ya fito da kyau har ba mai iya bambancewa. A nan ne zuciya kan ce, to me ya rage, yi shiru mana. Musamman in baƙo ya yaba, ya ce kai, kamar ka gan shi da idonka. Amsar da ta dace gajeriya ce, gefen nan ƙiyasi ne, amma tana da ɗaci a baki lokacin da ake yabonka. Yanzu kowane samfuri yana da ɗan kati da ke tafiya da shi duk inda aka kai shi, a rubuce da abin da aka tabbatar da abin da aka cike. Katin ya ɗauke mini nauyin yin wannan kokawa kowace rana.

Ba na cikin masu mai da wannan abu sandar dukan wasu. Akwai irinsu a ko'ina, waɗanda za su tsaya a gaban aikin da yaro ya kwana yana yi su fara lissafa ƙusoshin da suka ɓace. Wannan ba kishin gaskiya ba ne, nuna isa ne. Babu samfurin da ba shi da rangwame. Kilomita ɗaya a ma'aunina ya haura mita 15 da rabi, ɗakina kuwa bai kai rabin haka ba, don haka tashata a taƙure take. Kwanar dogona ta fi ta gaske tsanani nesa ba kusa ba, leɓen ƙafafun ya fi kauri don kada su sauka, kuma a cikin tukunyar babu wuta babu ruwa, injin lantarki ne. Wanda ya sayi jirgin kanti don ya ji daɗi da 'ya'yansa bai yi laifin komai ba. Magana tana tashi ne a ranar da ya ce wa mutane haka jirgin Nguru yake. A nan ya tashi daga mai wasa ya koma mai ba da shaida.

Mutanen gida sun ɗauki lokaci kafin su fahimta. Magidanci da iyali, a ce ya rufe ƙofa yana goga ɗan ƙarfe da magagari, ai dole a yi magana. Mai ɗakina ba jiragen ne suka shawo kanta ba, littafin ne. Ranar da ta karanta shafukan da Kawu ya ba da labarin aikinsa, da sunayen tashoshin da suke shan ruwa, ta ce a yi wa 'ya'yansa kwafi, domin su kansu ba su taɓa zama sun tambaye shi ba.

Akwai rubutattun madogara, kuma ya kamata mai sha'awa ya san su. Francis Jaekel, wanda ya yi shekaru yana aiki a reluwen Nijeriya, ya rubuta tarihinsa cikin mujalladi uku da suka fito a 1997, kuma gidan da ake kira da sunansa a Ebute Metta yanzu ɗan gidan tarihi ne. Takardun Beyer Peacock, kamfanin da ya ƙera mana manyan kawunan Garratt masu injin gaba da baya da tukunya a tsakiya, suna gidan tarihin kimiyya da masana'antu na Manchesta. Akwai fayilolin zamanin Turawa a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Yanzu haka fayil nake tarawa a kan ƙaramin dogon nan mai faɗin ƙafa biyu da rabi da aka shimfiɗa daga Zariya ta Rahama zuwa Jos da Bukuru tsakanin 1912 da 1914 don jigilar kuza, wanda aka sa wa sunan Bauchi ko da yake bai taɓa shiga garin Bauchi ba, aka kuma rufe shi a 1957. Ban yanka ko ɗan guntun tagulla dominsa ba tukuna. Sai layukan "na auna" da "na gani" sun rinjayi na "ƙiyasi" zan kunna wutar dalma.

Sai dai hujjar da ta fi kowace daraja ba ta cikin waɗannan manyan wurare. Tana cikin akwatunan ƙarfe a gidajen Zariya da Kaduna da Kafanchan da Minna da Gusau, hoton wani kaka tsaye a gaban kansa na aiki, hula a karkace, lambar jirgi a bayan kafaɗarsa. Iyali fuskar suke kallo, ni kuma har da abin da ke bayanta. In an ba ni aron irin wannan hoto, gaba da baya nake ɗauka, domin sau da yawa a bayan ne ake samun shekara da sunan tasha da hatimin mai hoto. Abin da ke tayar mini da hankali a 'yan shekarun nan shi ne manhajojin waya masu sa wa tsohon hoto launi. Jika zai ɗauki hoton kakansa, manhaja ta shafa wa jirgi kore ko shuɗi daga kanta, ta gyara lambar da ta dushe zuwa wata da ba ita ba, a yaɗa wannan, asalin kuma a bar shi gara ta ci. An riga an fara turo mini irinsu a matsayin hujja. Duk wanda ke da irin wannan hoto, in zai sa masa launi don ya rataya a falo ya sa, amma ya ajiye na asalin a leda a wuri busasshe, ya ɗauke shi yadda yake gaba da baya, kuma in akwai dattijon da ya san ranar da aka ɗauke shi, a zauna da shi da biro da takarda a tambaye shi wace tasha ce, wace shekara, kuma wane ne ɗayan mutumin da ke leƙowa ta tagar direba.